Cinikin Biri a Sama: Wasannin Kwamfuta da Aka Yi Wa Shela Ba Su Fito Ba

A shekarar 1984 wani kamfani a birnin Liverpool mai suna Imagine Software ya buɗe wa ma'aikatan BBC ƙofarsa, su shigo da kyamara su ɗauki yadda ake haɗa wasannin kwamfuta. Masu kamfanin samari ne, kuɗi na shigo musu, motocin alfarma na ajiye a ƙofar ofis, kuma suna da abin da suke ɗokin duniya ta gani: wasanni biyu da suka ce ba a taɓa yin irinsu ba, Bandersnatch na kwamfutar ZX Spectrum da Psyclapse na Commodore 64. Abin da kyamarar ta ƙare da ɗauka daban ne. A watan Yuli kotu ta rufe kamfanin saboda bashi, aka nuno ma'aikata sun dawo bakin ƙofar ofishinsu an hana su shiga. Shirin ya fita a talabijin a Disambar shekarar cikin jerin Commercial Breaks. Wasannin nan biyu kuwa har yau babu mahalukin da ya taɓa sayen ɗayansu a kanti.

Sama da shekara 40 ke nan, kuma mai karatu na iya cewa mene ne abin waiwaye a kan wasan yara da bai ma fito ba. A ganina abin da sana'a ta kasa ƙarasawa ya fi faɗin gaskiyarta a kan abin da ta gama ta yi wa kwalliya ta kai kasuwa. Wasan da ya fito an goge masa duk wata alamar wahala. Wanda ya tsaya a rabi yana nan yadda aka tashi aka bar shi, kana ganin inda kuɗi suka ƙare, inda injin ya gaza, inda mai aikin ya gaji ya ajiye. Wanda yake son sanin yadda harkar nan ta tashi daga ɗakin kwanan ɗan sakandare ta zama kasuwar biliyoyin daloli, akwai abin da zai koya a wurin waɗanda aka bari a hanya.

Sai an san injinan kafin a gane labarin. ZX Spectrum ta Clive Sinclair ta fito a Birtaniya a Afrilun 1982, 'yar ƙarama, baƙa, madannanta na roba. Mai ƙwaƙwalwar kilobayit 16 fam 125 ce, mai 48 kuma fam 175. Commodore 64 ta biyo baya daga Amurka a Agustan shekarar a kan dala 595, lambar da ke jikin sunanta kuma ita ce girman ƙwaƙwalwarta, kilobayit 64. Hoto ɗaya da za ka ɗauka da wayarka yau ya ninka wannan sau da yawa. Ba su zuwa da allon kallo, talabijin ɗin gida ake jona musu, don haka sai manya sun gama kallon labarai yaro zai samu wuri. Wasan kuma a kaset yake zuwa, kaset ɗin nan dai da muka sani na waƙa da wa'azi. Ka sa shi a rikoda, ka rubuta umarni, ka danna, sai wata ƙara mai tsini ta cika ɗaki, gefen allon Spectrum ya riƙa rawa da ratsin shuɗi da rawaya. Minti huɗu ko biyar kana zaune kana jira. In zaren ya ɗan miƙe, ko ƙarar rikodar ba ta daidaita ba, injin ya ce an samu kuskure, ka mayar da kaset baya ka sake daga farko.

A cikin wannan ƙunci mutum ɗaya kan rubuta manhaja, ya zana hotuna, ya tsara kiɗa. Matthew Smith, wani yaro daga Wallasey a tsallaken kogin Liverpool, yana ɗan shekara 17 ya rubuta Manic Miner a 1983: mahaƙi mai suna Willy yana tsalle cikin koguna 20, kiɗa na tashi ana tsakiyar wasa, abin da da yawa suka ɗauka Spectrum ba za ta iya ba. Wasan ya karɓu ƙwarai. Aka matsa masa ya kawo na biyu, ya kawo Jet Set Willy a 1984, gida mai ɗakuna kusan 60, amma an fitar da shi bai nuna ba. Akwai wani ɗaki a saman gidan da in ka shiga sai ya ɓata wasu ɗakunan, duk sanda ka leƙa su daga baya ka mutu nan take. Ba ma yadda za a yi a kai ƙarshen wasan kamar yadda aka sayar da shi. Kamfanin Software Projects, wanda ya fitar da shi, da farko ya ce da gangan aka yi, daga baya ya fitar da wasu lambobin gyara da mai wasa zai zauna ya shigar da hannunsa kafin wasan ya tashi. Wasu 'yan wasa biyu ne ma suka tono kurakuran suka gano maganinsu.

Na uku a jerin shi ne bai zo ba. An yi ta jin sunansa, wani lokaci The Megatree, wani lokaci Miner Willy Meets the Taxman, wato Willy ya gamu da mai karɓar haraji. An haɗa Smith da wasu abokan aiki biyu, aka fara shi a kan Commodore 64, bayan 'yan watanni aka watse. A 1987 mujallu sun sake tallata wani wasan nasa mai dogon suna a kan kaji daga duniyar Mars, shi ma shiru. Smith ya ɓace daga idon jama'a shekaru da dama, har ya yi zama a Holan, masoyansa na ta tambayar ina yake. A 2004 ɗaya daga cikin abokan aikin ya yi gwanjon faya-fayan Megatree don taimakon wata gidauniya, mujallar Retro Gamer ta saya ta buɗe. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: 'yan hotuna da gwajin motsi. Shekara 20 ana mafarkin wasa, ashe ba a yi nisa da harsashi ba. Ni ban ga laifin yaron ba. An ɗora wa ɗan shekara 18 nauyin ciyar da kamfani, ga kuɗi ga suna sun zo masa lokaci ɗaya, kuma babu wanda ya san yadda ake tafiyar da irin wannan aiki, don sana'ar kanta ba ta fi shekara uku ko huɗu da haihuwa ba.

Labarin Imagine kuwa na manya ne, ko in ce na samarin da suka ɗauki kansu manya. Mark Butler da David Lawson sun kafa shi a 1982 bayan sun bar Bug-Byte, kamfanin da ya fara buga Manic Miner. Wasansu na farko, Arcadia, ya yi kasuwa, daga nan suka gane ƙarfin talla. Suka ɗauki wani matashin ma'aikacinsu, Eugene Evans, suka baza wa jaridu labarin cewa yana karɓar fam 35,000 a shekara kuma yana da motar tsere tun bai kai shekarun samun lasisin tuƙi ba. Iyaye a faɗin Birtaniya suka karanta, suka ce ashe wannan akwatin da yaro ke dannawa hanyar arziki ce. Da aka zo kan manyan wasannin biyu sai tallar ta riga aikin. Shafi guda cur a mujallu, wata bayan wata, ana nuna masu rubuta manhajar tsaye suna aiki, ana cewa an ƙaro masu zane da makaɗa, amma ba a nuna wasan. Cinikin biri a sama ke nan.

Dabarar tasu a kanta ba shirme ba ce, kuma wannan ne ya sa labarin yake da ciwo. Sun ga kilobayit 48 ta yi wa burinsu kaɗan, sai suka ce za su sa wata 'yar na'ura a cikin kwalin wasan, a soka ta a bayan kwamfuta ta ƙara mata wurin ajiya. Hakan zai kashe tsuntsu biyu: wasa ya girma, kuma masu kwafar kaset su rasa ta yi, don a lokacin duk yaron da ke da rikoda mai baki biyu yakan kwafa wa abokansa a filin makaranta. Sai dai farashin da suka yanka ya kai wajen fam 40, alhali wasa na yau da kullum fam 5 zuwa 6 ne. A cikin shirin na BBC ana ganin mai kula da tallace-tallacen kamfanin tana faɗa wa dillali wannan farashi, ba ta da wasan da za ta nuna masa. Gefe guda kuma kyamara na zuwa Manchester wurin kamfanin Ocean, inda David Ward da mutanensa ke haɗa Hunchback II, wasa mai matsakaicin buri da za a gama a kan kari a sayar lokacin Kirsimeti. Ocean ta gama ta sayar. Daga baya ma ita ta sayi sunan Imagine ta riƙa buga shi a kan nata kayan.

Duk da haka aikin bai mutu murus ba. Wasu daga cikin ma'aikatan sun kafa Denton Designs suka zuba wani ɓangare na tunanin Bandersnatch cikin Gift from the Gods. Lawson da abokin aikinsa Ian Hetherington suka kafa Psygnosis, wasansu na farko, Brataccas, wanda ya fito a kan sababbin injina irin su Atari ST da Amiga, shi ne magajin Bandersnatch na kai tsaye. Psygnosis ɗin nan ita ta buga Lemmings a 1991, Sony ta saye ta a 1993, ta yi wa PlayStation wasan Wipeout a 1995. A Disambar 2018 Netflix ta fitar da fim ɗin Black Mirror mai suna Bandersnatch, aka ɗora labarinsa a kan Yulin 1984, watan da Imagine ta faɗi. Miliyoyin da suka kalla, kaɗan ne suka san akwai wasa na gaske mai wannan suna da wasu mutane suka yi watanni suna kwana a kansa.

Wasu kuwa ba bashi ne ya kashe su ba, injin ne ya ce iyakata ke nan. A ƙarshen 1985 kamfanin Elite ya cika mujallu da tallar Scooby Doo, da hotuna masu kyau, yana alkawarin wasa da zai zama tamkar fim ɗin zane da kake juyawa da hannunka. Da aka zo lissafi sai aka ga zanen motsin kaɗai ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar Spectrum. Aka jingine shi, aka ba Gargoyle Games ta yi wani daban mai sauƙi, ya fito a 1986 da sunan amma ba da alkawarin ba. Akwai kuma Mire Mare na 'yan'uwa biyu, Tim da Chris Stamper, masu kamfanin Ultimate Play the Game. Su ba a mujalla kaɗai suka yi alkawari ba, a cikin wasanninsu suka rubuta shi. Ka sha wahala ka kai ƙarshen Underwurlde ko Knight Lore ko Pentagram, sai allo ya gaya maka tafiyar za ta ci gaba a Mire Mare. Yara suka jira. Su kuwa Stamper sun riga sun hango Nintendo ta Japan, suka sayar wa U.S. Gold sunan Ultimate a 1985, suka koma wani kamfanin nasu, Rare, inda daga baya suka yi Donkey Kong Country da GoldenEye. Zanen kwalin Mire Mare yana nan, an nuna shi, wasan ne babu. Mu da muka taso da littattafan Hausa na kasuwa mun san irin wannan jira: ka karanta na ɗaya da na biyu, shafin ƙarshe ya ce mu haɗu a littafi na uku, ka yi ta zarya wurin mai sayarwa har ka haƙura.

Waɗanda suka fi taɓa ni su ne na ƙarshen zamanin, wajen 1991 zuwa 1994, don yawancinsu an gama su. Kasuwa ce ta tashi ta bar su. Yara sun koma Sega da Nintendo da Amiga, kantuna sun fara rage wurin da suke ba kaset, ƙananan kamfanoni na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Hi-Tec Software ta Sheffield ta yi suna wajen wasanni masu araha na taurarin fina-finan zane. A 1992 ta kammala wasan Daffy Duck na Commodore 64, ta aika wa mujallu, Zzap!64 ta buga sharhi ta ba shi maki sama da 90 cikin 100. A wancan lokaci sai mujalla ta shiga ɗab'i makonni kafin kaya su isa kanti, saboda haka yaro ya karanta yabon, ya tara kuɗinsa, ya je shago, aka ce bai zo ba. Kafin ya zo Hi-Tec ta durƙushe, lasisin Daffy Duck da ta karɓa daga kamfanin Warner ya bi ta. Haka Putty Squad na Amiga: a 1994 mujallu sun yaba, har an raba ɗanɗanonsa a faifan da ake liƙawa a bangon mujalla, amma System 3, mai wasan, ta ga kasuwar Amiga na mutuwa ta riƙe shi. A Afrilun shekarar Commodore, mai ƙera Amiga, ita kanta ta karye. Parasol Stars na Commodore 64 shi kuma a gidan mai rubuta shi faya-fayan suka lalace ana dab da gamawa, babu kwafi a wani wuri, Ocean ta ce ba za ta sake farawa ba.

Ka dubi abin ta wajen mai aikin. Wata shida ko shekara kana ƙirga kowane bayit, kana matse hoto don kiɗa ya samu wuri, kana gwada mataki ɗaya sau ɗari, ka gama, masana su ce ka yi gwaninta, sannan babu wanda zai taɓa bugawa. Sau da yawa ma kuɗin aikin ba su fito ba, don kamfanin da zai biya ya rufe. Waɗannan mutane ba su yi wa kowa ƙarya ba, su aka yi wa asara.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa nake ganin labarin ya cancanci rubutu. Yaran da suka je shago aka ce musu bai zo ba sun girma, wasunsu kuma ba su manta ba. Wani ɗan Birtaniya, Frank Gasking, tun 1999 yake bin sawun irin waɗannan wasanni ƙarƙashin sunan Games That Weren't, kuma a 2020 ya fitar da littafi mai shafi sama da 600 a kansu. Aikin ba na gaggawa ba ne. A nemo sunan mai rubutu a ƙasan tsohuwar talla, a gano garin da yake yanzu, a rubuta masa, a jira. Mutumin yanzu ya haura shekara 50, yana wani aikin daban, sai ya ce ai kwalayen suna saman silin ko a gareji, in ya samu lokaci zai duba. Wani sai bayan shekaru zai duba. In kwalin ya fito, faya-fayan fulofi ne masu inci biyar da kwata, wasu sun yi fumfuna, sai an tsage rigar an wanke faifan a hankali an shanya. Sannan a karanta shi da na'urori irin su KryoFlux, waɗanda ke kwashe ainihin zanen maganaɗisun da ke jiki, ko da kwamfuta ba ta gane shi ba, don wani faifan karatu ɗaya ya rage masa kafin fatarsa ta goge. A Satumbar 2015 aka samo Daffy Duck ta wannan hanya: asalin rubutun manhajar ne ya fito daga tsofaffin faya-fayan waɗanda suka yi aikin, wasu gwanaye suka harhaɗa shi ya tashi, shekara 23 bayan sharhin Zzap!64. Putty Squad kuwa System 3 da kanta ta sake shi kyauta a Disambar 2013.

Ba ƙananan ma'aikata kaɗai ke ɓatar da kayansu ba. Jordan Mechner, wanda ya yi Prince of Persia a kan Apple II a 1989, wasan da da yawa a nan suka fara sani a kwamfutar ofis ko a wayar hannu, ya yi shekaru yana neman asalin rubutunsa bai gani ba. A 2012 mahaifinsa yana gyaran ɗaki ya tsinci wani kwali ya aika masa. Faya-fayan na ciki. Ya kira masana suka karanta su, a Afrilun shekarar ya sa rubutun a intanet kowa ya gani. Da tsohon ya zuba kwalin a shara, shi ke nan.

Wani zai ce wasan da aka tono ɗin, in ka buga shi, ya kai yadda aka zata? Sau da yawa bai kai ba. Daffy Duck wasa ne mai kyau na zamaninsa, ba abin da zai girgiza duniya ba. Megatree kusan babu komai a ciki. Amma ba don daɗi kaɗai ake tonowa ba. Ana tonowa don a san abin da ya faru da gaske, a raba jita-jita da tarihi, a mayar wa mai aiki sunansa a kan aikinsa. Shekaru ana yaɗa cewa wane ya gama wasa ya ɓoye, ko kamfani kaza ya ƙona shi don hassada. Faifai ɗaya in ya fito sai ya kashe gardamar.

To me ya canza daga wancan zamani zuwa yau? Abu na farko da ido ke gani shi ne yanzu rashin kammalawa ba ya hana wasa fita. Abin da ya faru da Jet Set Willy, wanda a 1984 abin kunya ne har kamfani ya nemi ɓoyewa, yau shi ne al'ada. A fitar da wasa, a karɓi kuɗi, a riƙa turo faci ta intanet. Cyberpunk 2077 ya fito a Disambar 2020 da kurakurai masu yawa har Sony ta cire shi daga kantinta na PlayStation, bai koma ba sai Yunin 2021. Akwai alheri a wannan, ban musa ba. Da a ce akwai intanet a 1992, masu Daffy Duck da kansu za su sayar wa jama'a ba sai sun jira kamfani da motar kaya da kantin unguwa ba. Har Commodore 64 ɗin ma ta ci moriyar haka: Prince of Persia da ba a yi mata a zamaninta ba, wani mai sha'awa ya yi mata a 2011, kuma a 2017 aka fitar mata da sabon wasa mai suna Sam's Journey, aka sayar da shi a kwali kamar dā.

Ɗaya gefen ne ke damuna. Wasan 1992 da bai fito ba yana zaune a kan wani abu da hannu ke taɓawa. Yana iya yin shekara 20 a gareji, mai shi ya mance da shi, amma yana nan, kuma duk abin da yake buƙata don ya tashi yana cikin faifan. Wasannin yau da yawa rabinsu na hannunka, rabi na kan manyan kwamfutocin kamfani. Ran da kamfani ya kashe nasa, naka ya zama gawa. Ubisoft ta fitar da The Crew a 2014, mutane suka saya da kuɗinsu, a ƙarshen Maris na 2024 ta kashe shi, ko mai faifai a hannu ba zai iya bugawa ba. Concord na Sony ya fito ranar 23 ga Agustan 2024, ranar 6 ga Satumba aka rufe shi aka mayar wa mutane kuɗinsu, bayan shekarun da ma'aikata suka yi a kansa. Dā wasa kan ɓata kafin ya fito, yanzu yana ɓata bayan ya fito an saya an buga. Kuma wanda aka soke a cikin babban kamfani na yau ba ya kwana a kwalin kowa. Yana cikin ma'ajiyar kamfani, ma'aikata sun sa hannu a takardar rufe baki, in an rufe reshen a goge. Ban ga garejin da wani Gasking na shekara 30 masu zuwa zai je ya ƙwanƙwasa ba.

Ko waɗanda suka fito lafiya ma ba su tsira ba. Binciken da Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka sayar a Amurka kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa yanzu. Na Commodore 64 da ake iya saye ba su kai kashi 5 ba. Abin da ya rage mana na wannan injin, wanda aka sayar da fiye da miliyan 12 nasa, masu sha'awa ne suka adana shi, da kuɗinsu da lokacinsu, sau da yawa doka ma ba ta goyon bayansu. Kamfanonin da suka ci riba ko sun mutu ko ba su damu ba. A nan hukuncina a fili yake: duk kamfanin da ya daina sayar da wasa, ko ya soke shi, ya kamata doka ta tilasta masa ajiye kwafi a ɗakin adana tarihi, yadda ake tilasta wa mai buga littafi ya kai kwafi laburaren ƙasa.

Commodore 64 da Spectrum ba su zama kayan kowane gida a ƙasar Hausa ba, amma zaren maganaɗisun da suka dogara da shi mun san shi sarai, don a kansa muka zuba namu tarihin. Fim ɗin Turmin Danya da aka yi a Kano a 1990, wanda ake ƙirga farkon fina-finan Hausa na bidiyo daga kansa, a kaset aka yi shi, haka ɗaruruwan da suka biyo baya. Waƙoƙin makaɗa, karatun malamai, wasannin kwaikwayo na rediyo, duk a kaset. Cikinsu akwai fim ɗin da aka ɗauka ba a tace ba, da wanda aka yi talla kuɗi suka yanke, da littafi na uku da ke kwance a rubutun hannu. Faifan Ingila ya yi shekara 23 a ƙasa mai sanyi ya tsira da ƙyar. Namu yana fama da zafin bazara da laimar damina da ƙurar hunturu da gara, kuma injinan da ke karanta shi suna ƙarewa a hannun masu gyara.

Saboda haka in akwai kwalin kaset ko faifai ko tsohon rubutu a ɗakinka, naka ne ko na mahaifi ko na wani yaya da ya taɓa harkar fim ko waƙa ko rubutu, kada ka zubar don an ce aikin bai kammalu ba. Ka raba shi da rana da danshi, ka nemi mai na'ura ya juye maka shi a kwamfuta tun zaren bai manne ba, ka ajiye kwafi biyu a wurare daban, ka rubuta sunan wanda ya yi aikin da shekarar da ya yi shi a jiki.